Ƙwayar Safe

Ranar da likita ta ce mata gwajin jininta ya yi kyau, haushi ne ya kama ta.

Shekaru ta yi tana fama. An ce wani ƙulli a maƙogwaronta ne ya yi sanyi, ba ya ba jiki abin da yake bukata, aka ɗora ta a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ba ta taɓa fashi ba, amma ga kasala, ga jin sanyi, gashi sai zuba yake yi. Duk zuwa sai likita ta ƙara ƙarfin maganin, ta ce, "Tsakani da Allah, Mama, kina sha kuwa?"

Sai yanzu da mijinta ya rasu, ko abinci ba ya shiga, za a ce wai ta samu sauƙi?

"Me kika canza, Mama?"

"Me zan canza? Mutuwa aka yi min."

"Da me kike haɗiye ƙwayar?"

"Da ruwa mana. Wa zai haɗa min shayi yanzu? Dā Malam ne ke kawo min ita har gado, da shayi mai madara da burodi. Wai a gidansa ba a shan magani da yunwa."

Likita ta ajiye biro. "Mama, ita wannan ƙwayar, cikin da ba komai take so. Madarar ce ke hana ta aiki."

Har yau da ruwa zalla take haɗiye ta. Sai ta harari kujerar Malam, ta ce, "Ka ga aikinka ko, sarkin taurin kai?" Sannan ta ɗora ruwan shayi, ta zauna jira ƙwayar ta shiga jiki kafin ta sha.