Wuri Ɗaya a Motar Zakka

Wata la'asar muna tashar Safana, ni da Baba, za mu koma gida Zakka. A ƙa'idar motar, yaron da bai kai shekara bakwai ba a cinya yake zama, kyauta.

Direba ya ga ni 'yar ficiciya ce, ya ce, “Malam, ɗora ta kawai, wa zai tambaya?”

Baba ya ce, “Ta cika bakwai da sallar nan. A gabanta zan rage mata shekaru?”

Kuɗin wuri ɗaya gare shi. Ya biya, ya damƙa ni ga wata maƙwabciyarmu, shi kuwa ya kama hanya a ƙasa.

Ni a ranar murna nake, na samu taga. Yanzu in na tuna yadda muka wuce shi yana ɗago min hannu, sai hawaye su zo min.