Tela da Ƙafafun Yaransa

To, malam, tunda shirin hanya kake yi, zauna ka ji wani misali.

An yi wani tela a wani ƙaramin gari, shi ne ke kula da 'yan sikawut na makarantar garin, su goma sha biyu. Wata shekara aka shirya musu tattakin kwana uku a ƙasa, su ƙetare duwatsu su sauka a sansanin taro, kowa da jakarsa a goye. Tun saura wata guda tela ya ce kowa ya kawo takalmin da zai yi tafiyar da shi. Wanda ya kawo sabo, sai ya sa shi ya riƙa zuwa makaranta da gona da shi, har takalmin ya yi laushi ya saba da ƙafar mai shi. Kullum bayan la'asar yakan ɗora musu kaya ya zaga gari da su, mazauna dandali suna dariya, wai tela ya mai da 'ya'yan mutane jakunan haya. Ya zazzage jakunkunan ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da tarkacen da ba su da amfani a daji, ya sa aka jera kaya masu nauyi ta wajen da ke manne da baya, maɗaurin da ke neman tsinkewa kuma ya ɗinke shi da hannunsa. Ya sa kowa ya yanke farce, ya tanadi safa uku, ɗaya a ƙafa, biyu a ƙulle cikin leda. Da aka kama hanya kuwa, duk inda aka yada zango, ba mai taɓa guzuri sai an cire takalmi, an kakkaɓe tsakuwa, ƙafa ta sha iska. Shi da kansa yake durƙusawa yana duba dunduniya da tsakanin yatsu. Inda ya ga fata ta soma ja, nan take ya manna filasta tun ba ta yi bororo ba.

A rana ta biyu da azahar suka iso bakin wani rafi, suka tarar da ayarin wasu 'yan sikawut na birni, waɗanda suka wuce su da safe cikin takalma masu ƙyalli da aka sayo ana gobe tafiya. Huɗu daga cikinsu na zaune a kan dutse, sun kasa taka ƙasa. Bororo ya fashe, safa ta manne da jini. Jagoransu, wani matashin malami, ya rasa abin yi. Ga hadari ya taso daga gabas, in ruwa ya sauka rafin zai cika ya tsare su, ga shi babu hanyar mota, ƙauye mafi kusa yana ƙetare. Tela ya buɗe baki zai ba da umarni, sai ya ga ashe an riga shi. Yaransa sun sauke kaya sun durƙusa gaban baƙin nan. Wannan na jiƙa safa don ta saki fata, wancan na wanke ciwo da ruwan gishiri, wani na yanka filasta, wani ya kwance ledarsa ya miƙa busasshiyar safa. Da suka gama, huɗu daga yaran tela suka rataya jakunkunan marasa lafiyan a ƙirji ban da nasu na baya, sauran suka tallafi masu ciwon, aka ratsa rafi ruwa iya gwiwa. Suna hawa gaɓa ruwan sama ya kece, kafin su isa ƙauyen rafin ya tumbatsa yana tafe da itatuwa.

Malamin nan ya dubi tela ya ce, "Baba, ina yaranka suka koyi wannan?"

Tela ya ce, "A ƙofar shagona, tun watan jiya."

Washegari suka shiga sansani a jere, su goma sha biyu, babu mai ɗingishi ko ɗaya. Tela na tafe a bayansu yana kallon sawunsu, ƙirjinsa cike da alfahari, ji yake ko sarauta aka ba shi ba za ta kai wannan ba.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.