Ƙwallon Ranar Lahadi

Aka buga ƙofa da ƙarfi, ba irin bugun 'yan gida ba.

"Ku sauya!" in ji Doña Amparo, mai gidan.

Nan take maza suka saki maza, kowa ya cafki macen da ke kusa da shi. Dole ne a Buenos Aires ta wancan zamani. In ɗan sanda ya tarar da namiji rungume da namiji suna rawar tango, sai caji ofis, gobe suna a jarida.

Evaristo ya saki saurayinsa, ya riƙe wata da bai ko san sunanta ba. Yau ne zuwansa na farko.

Ƙofa ta buɗe. Ba ɗan sanda ba ne. Mahaifinsa ne, Don Hilario, wanda ya fita tun rana da sunan kallon ƙwallo, kamar kowace Lahadi.

Shi ke nan, ya biyo sawuna, Evaristo ya raya a ransa. Gara ma ɗan sandan.

Doña Amparo ta dafe ƙirji. "Kai Hilario, Allah ya shirye ka! Shekara da shekaru kana zuwa, har yau ba ka iya bugun ƙofa ba? Wuce, ga abokin rawarka Anselmo can ya gaji da jiranka."

Uba da ɗa suka kalli juna. Dattijon ya cire hula, ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"In mamanka ta tambaya, tare muka je ƙwallo."