Takun Hadi

Ƙwallo ta bugi allo ta dawo, ƙafa ba ta dawo ba. Badaru ya ji da kunnensa daga tabarmar da yake kwance a bakin ɗaki.

"Koma tsakiya, Hadi. In ka buga kada ka tsaya kallo."

Shekarar sanƙarau ce, ga rumbuna wayam. A ƙauyen nan na ƙasar Bagwai har an daina kuka. A kai mutum, a dawo a zauna. Cutar ta kwantar da Badaru da ɗansa Hadi rana guda. Da ya farfaɗo, idanunsa sun tafi. Matarsa Zulaihatu ta ce yaro ya tashi, sai dai cuta ta riƙe masa harshe, kuma malamin asibiti ya hana su kusantar juna.

A birni Badaru ya koyi ƙwallon tebur, yana gadi. Shi ya koya wa Hadi a kan tsohon ƙyaure, da allo a tsaye mai maido da ƙwallo. An ce bayan salla za a ɗebi 'yan wasa a Kano. Badaru ya ture kwano, ya ce ba abin da zai shiga bakinsa sai ya ji yaro ya koma atisaye. Ya kwana biyu a haka. A na uku ya ji bugu.

Hannu ya lalace, ƙafa ta fi lalacewa. Dā a kan yatsu Hadi yake tsayawa, ya buga, ya zame, ya koma mazauninsa kafin ƙwallo ta juyo. Yanzu takalmin roba jan ƙasa yake, diddige na dira kamar taɓarya. Badaru ya yi ta faɗa. A lanƙwasa gwiwa, a rage taku, kada a harɗe ƙafa. In ya kira Zulaihatu ta zo ta ga ɓarna, sai an tashi daga wasan take amsawa, tana haki, wai daka take a maƙwabta. Masu zuwa gaisuwa kuwa daga zaure ake sallamarsu.

Sannu a hankali taku ya fara gyaruwa. Badaru yana shanye kununsa tas.

Wata la'asar ƙwallo ta gangaro ta tsaya jikin tabarma. Aka tako a hankali za a ɗauka. Badaru ya miƙa hannu ya cafke idon sawu, don ya nuna inda nauyi ya kamata ya zauna. Ya shafa. Takalmin na Hadi ne, amma an cusa tsumma a cikinsa. Diddige duk faso.

Bai saki ba. Ƙafar ma ba ta motsa ba.

"Tun kana cikin zazzaɓi aka kai shi makwanci," in ji Zulaihatu daga saman kansa, katakon bugun yana hannunta.