Turken Farko

"Buga shi nan," in ji shef, shugaban aikinmu, yana ɗago kai daga na'urar awo.

Ranar na fara aiki, mataimakiyar mai awon fili. Hular kwano bisa kallabina, ina ta murna. Na kafa turken farko na asibitin haihuwar da za a gina a bakin ƙauyenmu.

Inna ta biyo ni da fura, wai sai ta gani da idonta. Ta dubi turken, ta dubi tsamiyar da ke gefe, ta dafe ƙirji.

"Lafiya, Inna?"

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Nan amalanken jaki ya tsaya da ni, ba mu kai asibitin Madarumfa ba. Nan na haife ki."