Manomin da Ya Sauka a Kasuwar Albasa

Ranar Asabar, sha tara ga watan Oktoba, bayan sallar La'asar, a taron ƙungiyarmu ta tsofaffin malamai, kai Malam Tanimu ka kira ni mai ƙarin gishiri a gaban mutum ashirin da uku. Abin da ake tattaunawa shi ne ko mu kai ziyarar hutun bana babban birnin ƙasa, ko mu fasa. Na ce a je, na faɗi abin da idona ya gani lokacin da aka tura ni kwas na mako shida. Ka ce kai ma ka je, babu komai sai hayaƙi da hayaniya, sauran duk ni na ƙirƙira. Aka yi dariya, aka fasa tafiyar. Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, babu ɗalibi ko uban ɗalibi da ya taɓa kama ni da ƙarya. Ba zan yi cacar baki da kai ba. Ga misali, ka karanta a tsanake.

Wani manomin albasa ne ya yi wa matarsa alkawarin idan ya cire amfanin rani zai kai ta ta ga babban birni, don ta daɗe tana jin labarinsa a rediyo. Da lokaci ya yi, sai ya ce bari ya fara zuwa shi kaɗai ya duba ko wurin ya isa a wahala dominsa. Bai shiga motar fasinja ba. Ya hau saman babbar motar da ta ɗauko buhunansa, kamar yadda manoman garinsu suka saba. Su kuwa motocin albasa ba sa shiga cikin birnin, akwai kasuwa can bayan gari inda suke sauke kaya su juya. Da motar ta tsaya ya tambayi direba ko an iso, direba ya ce an iso, don shi nan ce iyakar tafiyarsa. Manomi ya diro ya duba gabas ya duba yamma. Buhunan albasa ne jibge har sun fi mutum tsawo, ga 'yan dako suna gudu da kaya a ka, ga ɓawo ya ruɓe a cikin kwata yana wari. Ya sauka a rumfar 'yan garinsu, ya ci tuwon wata mata 'yar yankinsu, ya yi salla a masallacin kwano da ke tsakiyar kasuwa. Can nesa yana hango wasu dogayen abubuwa cikin hazo, bai tambaya ba, su ma 'yan rumfa ba su ga dalilin faɗa masa ba. Kwana biyu ya yi, ya hau motar da ta kawo shi ya koma gida. Ya ce wa matarsa ai birnin nan ba komai ba ne, kasuwar albasa ce kawai, sai dai ta fi tasu girma da wari. Matar ta ninke zanen da ta tanada ta mayar akwati. Ya faɗi haka a majalisa, ya faɗa a gona, kuma kowa ya yarda, tunda shi ne ya je. Duk wanda ya zo da wani labari daban, sai a ce ƙarya yake shararawa.

Bayan shekara bakwai, ƙanwar matar ta haihu a birnin, aka zo aka ɗauki matar manomin zuwa suna. Wannan karon a motar fasinja. Ta taga ta ga kasuwar albasar, ta gane ta daga bayanin mijinta, har ta fara tattara kayanta. Motar ba ta ko rage gudu ba. Sai da aka ƙara tafiyar kusan awa guda sannan tituna suka buɗe, itatuwa a jere dama da hagu, ga tafki, ga gine-ginen da sai ta ɗaga kai take ganin ƙarshensu. Aka kai ta gidan tarihi, ta tarar da tulu irin na kakarta an ajiye cikin gilashi, mutane sun yi layi suna kallo. Da ta dawo mijin ya tare ta yana murmushi, ya ce ai ya gaya mata. Ta ce, "Malam, a zaure ka kwana, ka dawo kana ba mu labarin cikin gida." Daga ranar bai ƙara ta da zancen birni a majalisa ba.

To, Malam Tanimu, na bincika. Zuwanka birnin sau ɗaya ne, a hanyarka ta zuwa ɗaurin aure, ka sauka a tasha ka canja mota. Wanda kuka yi tafiyar tare ya ce ko awa biyu ba ku yi ba, kuma rabin lokacin a wurin mai shayi ka zauna. Da wannan ka ƙaryata ni, da wannan ka hana dattawa ashirin da uku tafiyar da wasunsu ba lalle su sake samun ƙarfin yin ta ba. Ba na son saƙo ta bakin wani, ba na son ka ja ni gefe bayan salla. A gaban jama'a ka faɗa, a gabansu za ka janye. Taro mai zuwa ka miƙe tsaye ka ce ka yi kuskure, ka ba ni haƙuri, sakatare ya rubuta, sannan a sake jefa ƙuri'a kan tafiyar. Hausawa sun riga sun gama magana: hangen Dala ba shiga birni ba ne.