Soson da ke Dangata

Alhaji Abdurra'uf, mai neman aurena tun da na fita takaba, ya sare mini soso. Tun farkon damina nake ɗora shi a danga, har ya kare ni daga idon masu wucewa. Na dawo daga Tsamaye, na iske mutumin tsaye da adda.

"Hajjo, macizai yake tarawa. To, yaushe za a sa rana?"

Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Ko ƙarfin faɗa ba ni da shi.

"Alhaji, ba ka shigo gidan ba ka fara sara babu tambaya. Samo iri ka shuka da hannunka. Ran da ya kai saman danga za ni ba ka amsa."